Gadon Jibo Bakari da Sawaba: Abin da Ya Bari da Bashin da Ake Bin Sa

(Laccar da aka gabatar a Falanko, ƙasar Damargu)

 

  

An nemi in yi magana a kan Jibo Bakari, jagoran jam'iyyar Sawaba, wanda ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998. Cikin Oktoban 2024 hukumomi suka cire sunan Janar Dugol daga wani babban titin Yamai suka sa nasa, kuma tun daga nan tsohuwar gardama ta farfaɗo. Wasu na cewa shi ne uban 'yancin Nijar da aka danne. Wasu na cewa ɗan kwaminis ne da ya so ya jefa ƙasa cikin yaƙin basasa. Na san a cikin wannan taro akwai jikokin 'yan Sawaba, akwai kuma jikokin abokan hamayyarsu 'yan RDA, wataƙila ma an haɗa aure tsakani. Don haka zan taka a hankali, amma ba zan ɓoye ra'ayina ba.

Addininmu ya hore mu da kame baki daga zagin matattu, kuma ba zagi ya kawo ni ba. Sai dai addinin nan ne ya koya mana cewa ba a rabon gado sai an biya bashin da ke kan mamaci. Yau kowa na miƙo hannu yana neman kasonsa cikin sunan Jibo. To, kafin a raba, mu zauna mu lissafa abin da ya bari, da abin da ake bin sa, da abin da shi ma yake bin ƙasar nan. Zan yi haka cikin batutuwa biyar.

Batu na farko: shin ɗan kwaminis ne?

An haifi Jibo a 1922 a Sudure, kusa da Yamai. Bazabarme ne, amma ya yi ƙuruciya a Tawa, ya sha Hausa tun yana yaro. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna na duk yankin, ya dawo ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas. Da aka kafa jam'iyyar PPN a 1946, reshen babbar ƙungiyar RDA, yana cikin matasan da suka riƙe ta, har ya zama babban sakatarenta.

A lokacin RDA na ƙawance da jam'iyyar kwaminis ta Faransa, don ita ce kaɗai babbar jam'iyya a Faris da ke tsayin daka wajen adawa da mulkin mallaka. A 1950 Hufuwet Bwanyi na Kodebuwa ya ga wannan ƙawance na jawo musu ɗauri da kora, ya janye RDA daga ciki. Jori Hamani da Bubu Hama na PPN suka bi shi. Jibo ya ƙi. A nan hanya ta rabu. Ya koma cikin leburori da masu aikin lambu da direbobi yana kafa ƙungiyoyin ƙwadago masu alaƙa da CGT ta Faransa, wadda 'yan kwaminis ke jan ragamarta, sannan a 1954 ya kafa tasa jam'iyyar, UDN, wadda jama'a suka fi sani da Sawaba.

Don haka wanda ya ce Jibo ya sha daga rijiyar Markisanci bai yi ƙarya ba. Yaren gwagwarmayarsa daga can yake, abokansa na waje daga can suke, daga baya makamansa ma daga can suka zo. Amma ku dubi su wane ne suka cika jam'iyyar. Direbobi da 'yan kamasho, teloli, mahauta, maƙera, ƙananan 'yan kasuwa, 'yan cin rani, ƙananan ma'aikatan gidan waya, da malaman allo ba kaɗan ba. Mutumin da ya gama sallar asuba ya hau babbar mota daga Damagaram zuwa Kano da takardun jam'iyya a ɓoye cikin kaya, kuna jin littafin Lenin ne ya tashe shi? Abin da ya tashe shi shi ne lanho da jangali, da bulalar dogari, da aikin tilas wanda sai a 1946 aka soke shi a doka, da wulaƙancin tsayuwa a rana ƙofar kumandan. Irin wannan ciwo ne ya haifi NEPU ta Malam Aminu Kano a 1950, shi ya sa ɓangarorin biyu suka ɗauki juna 'yan'uwa. Ni a ganina shugaban yana da aƙidar gurguzu, amma rundunar ta talakawa ce Musulmi masu neman a ɗaga musu ƙafa. Abokan hamayya sun ga amfanin haɗe su duka su kira su kafirai, kuma wannan tambari ya yi aiki a ƙauyuka da yawa.

Batu na biyu: shekarar 1958, inda nake ganin an zalunce shi.

A 1956 Jibo ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. Don ya kai ga haka sai da ya haɗa kai da BNA, jam'iyyar da sarakuna da 'ya'yansu suka yi wa rumfa. Ku lura da wannan da kyau: mai kiran talakawa su miƙe ya shiga inuwa ɗaya da masu rawani. Haɗin gambiza ne, amma ya ci zaɓe. A zaɓen Maris 1957 suka sami kujeru 41 cikin 60, PPN ta sami 19, Jibo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya jagoranci gwamnatin Nijar. Ƙarfinsa kuwa a nan gabas da tsakiya yake, ƙasashen Damagaram, Tasawa, Maraɗi da Tawa. Alamar jam'iyyar raƙumi ce, ta RDA giwa, kuma ba sai na gaya wa mutumin Damargu wace dabba ce ta fi kusa da zuciyarsa ba.

Da ya hau, gwamnatinsa ta tuɓe sarakuna da dama. Magoya bayansa suka yi murna, suka ce an taɓa waɗanda ba a taɓawa. Sauran sarakunan kuwa suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, suka fara neman ruwa. Ruwan bai daɗe ba ya zo.

Dugol ya dawo mulki a Faransa a 1958, ya sa ranar 28 ga Satumba don ƙuri'ar raba gardama. Ƙasar da ta ce "i" za ta zauna cikin tarayya da Faransa da ɗan ikon cikin gida. Wadda ta ce "a'a" za ta sami 'yanci nan take, a kuma janye mata kowane taimako. Shugabannin gwamnati biyu kaɗai a yammacin Afirka suka ce a jefa "a'a": Seku Ture a Gine da Jibo Bakari a Nijar.

Me ya sa Faransa ta saki Gine ta riƙe Nijar da haƙora? Ku ɗaga kai ku dubi arewa, hanyar nan da ta ratsa Tanut ta nufi Agadas. Bayan Abzin akwai Aljeriya, inda Faransa ke tsakiyar yaƙi tun 1954. A 1957 aka gano alamun yuraniyom a Azelik. A Saharar nan ne kuma Faransa ke shirin gwada bam ɗinta na nukiliya, wanda ta tayar a Reggane a 1960. Ƙasa mai 'yanci a kudancin Aljeriya, ƙarƙashin mutumin da ke jituwa da Nkuruma na Gana, abu ne da Faris ba za ta lamunta ba. Aka aiko sabon gwamna, Don Jan Kolombani, makonni kaɗan kafin ƙuri'a. Aka ƙaro sojoji. Aka zagaya fadoji ana tuna wa sarakuna abin da ya sami 'yan'uwansu, ana yi musu alkawari. Manyan BNA irin su Isufu Saidu Jarmakoi suka juya wa Jibo baya. Aka takura wa tarukan Sawaba, alhali ita ce ke riƙe da gwamnati.

Ku sa kanku a matsayin manomi a wani ƙauyen Damargu a wannan rana, gero na tsaye a gona ana shirin girbi. Bai iya karatun boko ba. Mai gari ya kira shi ya ce saƙo ya zo daga sama, ga takardar da za a jefa. Ga dogari a tsaye, ga motar soja ta wuce jiya ta bar ƙura. Shi zai biya lanho bayan kaka, kuma a hannun wannan mai garin zai biya. Me kuke so ya yi? Da yawa suka zauna gida abinsu: waɗanda suka fita ba su kai kashi 40 cikin ɗari na masu rajista ba. Aka bayyana "i" ta sami kusan kashi 78, "a'a" kusan 22.

Cikin Oktoba aka tilasta wa Jibo sauka, daga baya aka rushe majalisa. A zaɓen Disamba Sawaba ta tsira da kujeru 11, a mazaɓun Damagaram da Tasawa, sai aka soke sakamakon waɗannan mazaɓu. Wato ƙuri'ar kakanninmu ta wannan yanki ce aka yaga. Ranar 18 ga Disamba aka kafa jamhuriya da Jori Hamani a kai, a Oktoban 1959 kuma aka haramta Sawaba ɗungurungum. Wani masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Klaas van Walraven, wanda ya shafe shekaru yana hira da tsofaffin 'yan Sawaba ya kuma fitar da babban littafi a kansu a 2013, ya ɗauki wannan al'amari a matsayin juyin mulki na farko a Afirka ta zamani. Na yarda da shi. A wannan babi ƙasar nan ce ke riƙe da bashin Jibo.

Batu na uku: 1964 da 1965, inda nake ganin shi ake bi.

Jibo ya fita gudun hijira, ya zauna Bamako, daga baya Akara. Waɗanda suka rage a gida suka sha kora daga aiki, duka da ɗauri. Kano ta zama mafakarsu, 'yan NEPU suka buɗe musu ƙofa. Jam'iyyar ta tura matasa da yawa karatu Tarayyar Sobiyet da gabashin Turai, wasunsu sun dawo likitoci da injiniyoyi sun yi wa ƙasa aiki, wannan kuma alheri ne da ba a cika ambata ba. Wasu kuwa aka tura su koyon yaƙin sunƙuru a Sin, Aljeriya, Biyetnam ta Arewa da Gana. Usman Ɗan Galadima na Madawa yana cikin manyan masu tsara wannan shiri. Abdullahi Mamani, ɗan majalisar Sawaba daga Damagaram, wanda daga baya ya rubuta littafin Sarauniya, yana Aljeriya.

A ƙarshen damina ta 1964 aka ba da umarni. 'Yan ɗaruruwan mayaƙa suka kutso ta iyakokin kudu da yamma a ƙananan rukunoni, da zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Talakawa ba su tashi ba. Shekara biyar ana tsoratar da su, gwamnati ta riga ta sami labari, Faransa na bayanta da jami'an leƙen asiri, gwamnatin Sardauna a arewacin Najeriya ma ba ta son ganin abokan NEPU da bindiga. Aka sa mutanen ƙauyuka farautar mayaƙan da kibau da sanduna. Cikin 'yan makonni aka murƙushe su. A Oktoban nan aka harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai, aka tara mutane su kalla. Ɗaruruwa aka kulle, har da waɗanda laifinsu bai wuce ba baƙo ruwa ba, wasu aka kai su kurkukun Sahara irin na Bilma, da yawa ba su dawo ba.

Sai ranar Babbar Salla, 13 ga Afrilu 1965. Jama'a sun yi sahu a Yamai, shugaban ƙasa na cikinsu, yara sun sha sababbin kaya. Wani ɗan Sawaba mai suna Amadu Jop ya jefa gurneti yana nufin Jori. Jori ya tsira. Yaro ƙarami ne ya mutu, wasu suka ji rauni.

Jama'a, a nan nake so masoyan Jibo su saurare ni da haƙuri. Na san za ku ce tura ce ta kai bango: an ƙwace zaɓe, an haramta jam'iyya, an toshe kowace ƙofa, me ya rage? Wannan hujja ce mai nauyi, kuma laifin farko na kan wanda ya toshe ƙofar. Amma jagora ba ya tura 'ya'yan mutane cikin wuta bisa zato. Shugabannin suna Akara, nesa da ƙasa shekara da shekaru, suna auna zuciyar manomi da abin da suka gani a 1957. Wa ya biya kuɗin wannan kuskuren lissafi? Tela da ɗan kamasho da almajiri, da matansu da aka bari da marayu. Gurneti a sahun Idi kuwa ba ni da wani uzuri da zan ba shi, ko wane ne ya ba da umarni. Duk wanda zai rera waƙar Sawaba ya tuna akwai gidan da Sallarsu ta zama makoki a wannan rana.

Haka kuma jikokin 'yan RDA kada su yi saurin gyaɗa kai. Harbe mutane a fili don a tsorata jama'a, azabtar da fursunoni, da mayar da maƙwabci ɗan rahoton maƙwabcinsa, duk sun faru ƙarƙashin tutar giwa, lokacin da Jambala Maiga ke ministan cikin gida. Jinin da gwamnati ta zubar ya fi wanda 'yan tawaye suka zubar yawa nesa ba kusa ba.

Batu na huɗu, a taƙaice: da ya ci, da me zai faru?

Matasa kan tambaye ni wannan, su kawo misalin Fidel Kastro. Ranar da Kastro ya mutu a Nuwamban 2016, ana kuka a Habana, ana kiɗa a titunan Mayami inda 'yan gudun hijirar Kyuba suke. Masu kuka na tuna yaƙi da jahilci na 1961, da likitocin da ya baza duniya, da sojojin da ya tura Angola suka tari rundunar wariyar launin fata, abin da ya sa Mandela ya je har Kyuba a 1991 ya yi godiya. Masu kiɗa na tuna jam'iyya ɗaya tilo, da kurkuku, da bakin da aka rufe. Kowane ɓangare na da abin nunawa, domin mutumin ya yi mulki kusan shekara hamsin.

Jibo kuwa mulkinsa bai wuce shekara ɗaya da rabi ba, shi ma ƙarƙashin idon gwamnan Faransa. Ba mu da asibitocinsa da za mu yaba, ba mu da kurkukunsa da za mu la'anta. Masu sukarsa kan nuna Gine: Faransa ta kwashe ma'aikatanta da kayanta, Seku Ture ya koma mai kama-karya, sansanin Boiro ya ci mutane har da Diyallo Telli, babban sakataren farko na ƙungiyar haɗin kan Afirka. Su ce ga abin da Allah ya tsare mu da shi. Tsoron nan ba na banza ba ne, kusan duk jam'iyyun wancan zamani, na hagu da na dama, sun ƙare a jam'iyya ɗaya. Amma ba a yanke wa mutum hukunci kan laifin abokinsa. Kuma "i" ɗin da aka jefa, me ta hana? Ba ta hana jam'iyya ɗaya ba, ba ta hana kurkuku ba, ba ta hana yunwar 1973 da ta share garken Damargu ta kori mutane daga gidajensu ba, wadda kuma ta taimaka wajen kifar da Jori a Afrilun 1974.

Batu na biyar: su wa ke da haƙƙin gadon?

Bayan juyin mulkin Saini Kunce, Jibo ya dawo gida a 1974. Shekara ɗaya tak aka kama shi bisa zargin shirya maƙarƙashiya, ya yi shekaru a tsare. Da aka buɗe fagen siyasa bayan babban taron ƙasa na 1991, ya farfaɗo da Sawaba, amma ta rabe gida biyu. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Mutumin da ya taɓa riƙe kujeru 41 cikin 60. Sabon zamani bai san shi ba, domin shekara talatin ba a koyar da sunansa a makaranta, iyaye kuma suna tsoron faɗinsa a gida.

Yanzu sunan ya dawo. Akwai gada a Farye kan kogin Kwara mai sunansa, akwai titi a Yamai, sojojin Faransa sun bar ƙasar nan a Disamban 2023, kowa na cewa Jibo ya riga ya faɗa. Ina murna da wannan, ya cancanta. Amma ina da magana biyu.

Ta farko ga masu mulki, na yau da na gobe, ko su wane ne. Abin da aka yi wa Jibo shi ne an soke ƙuri'ar mutanensa, an haramta jam'iyyarsa, an kira shi karen ƙasashen waje, an ɗaure shi ba tare da ya sami adalci ba, a mulkin farar hula da na soja duka. Wanda ya ɗaga allon sunansa ya ɗauki alkawarin ba zai yi wa wani ɗan ƙasa irin wannan ba. In ba haka ba, ƙarfe kawai aka canza a bakin titi. Kuma 'yancin da talakan Sawaba ya nema ba na tuta ba ne kurum. Ga matatar mai ta SORAZ nan cikin ƙasar Tanut tun 2011. Mai neman sanin ko an cika burin waɗancan mutane, ya zo ya duba rijiyoyinmu, da azuzuwan zana da 'ya'yanmu ke zama a ciki, da nisan da mai naƙuda ke yi kafin ta ga ungozomar asibiti.

Ta biyu gare ku, matasan Falanko da malaman makarantunmu. Jibo ya sami titi da gada. Waɗanda suka ɓoye takardu cikin buhun gero, da waɗanda aka ɗaure, da waɗanda aka sa su farauci 'yan'uwansu suka rayu da wannan nauyi a zuci, ba su da ko allo. Yaron da ke da shekara goma sha biyar a 1958 yau ya haura tamanin. Kowace shekara muna binne wasu daga cikinsu da abin da suka sani. Kowannenku na da waya a aljihu. Ku je wurin kakanninku, maza da mata, na raƙumi da na giwa, ku gaishe su, ku nemi izini, ku ɗauki muryarsu: wa ya zo garin nan yaƙin neman zaɓe, me mai gari ya ce, wa aka kama, wa ya gudu Kano, wa bai dawo ba. Ku rubuta da boko ko da ajami, ku ajiye kwafi a makaranta. Kada ku gyara musu zance don ya dace da siyasar yau, kuma kada ku mayar da shi abin gori tsakanin gidaje. Ina roƙon iyayenmu da ke zaune a nan su buɗe baki in yaran nan sun zo, zamanin da ake ɗaure mutum kan wannan labari ya wuce.

  Allah ya jiƙan Jibo Bakari da Jori Hamani da duk waɗanda suka rasa rai a wancan rikici, ya yafe musu kurakuransu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, kuma ina roƙon a fara ba dattawan da suka ga zamanin da idonsu.